Yadda Za Ka Tara Kuɗin Babur da Dabinon Alhaji Bawa

Kai da kake son yin ajiya alhali ana bin ka bashi, matso kusa. Ban yi boko mai nisa ba, ban taɓa aikin banki ba, amma na daɗe zaune a bakin hanyar Magama ina kallon masu cin bashi suna wucewa, wasu da gudu, wasu da sanɗa. In ka bi matakan nan yadda maƙwabcina Kalilu ya bi su, asusunka zai cika har ya ƙi karɓar kuɗi, kuma wanda ya ba ka bashin ba zai taɓa cin kwalarka ba. Wannan na ɗaukar maka alkawari.

Kalilu ɗan dako ne a tashar Jibiya. Burinsa ɗaya a duniya: ya sauke buhu daga wuyansa, ya sayi babur nasa na kansa, ya shiga kabu-kabu. Ka riƙe wannan, don duk abin da ya yi, saboda babur ɗin nan ya yi shi.

Mataki na ɗaya: Zaɓi mai kunya

Ba bashin kowa ake ci ba. Guji matashi mai zafin kai, guji mai ɗan'uwa ɗan sanda. Nemi dattijo wanda in ya zo tambayar haƙƙinsa shi ke sunkuyar da kai.

Kalilu ya zaɓi Alhaji Bawa, mai kawo dabino daga Maraɗi. Gab da azumi ya je ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Alhaji, ga ɗanka. A ba ni 'yan buhuna in juya, bayan Salla in kawo."

"To, Kalilu. Amma ka sani, da sefa na sayo, da sefa za ka biya ni."

"Ko da zinariya ce, Alhaji."

Haka ake amsawa, da sauri, ba tare da tunani ba. Mai niyyar biya ne yake tsayawa ciniki.

Mataki na biyu: Ɓoye kuɗin daga kanka

Dabino a watan azumi ba ya kwana. Da ka sayar, kada ka bar kuɗin a aljihu, don aljihu yana kusa da zuciya, zuciya kuma wani lokaci takan tuna Allah. Je wurin mai walda ya yi maka asusun ƙarfe, ya liƙe shi ta ko'ina, ya bar ƙaramar kafa. Zuba nairorinka a ciki, uwar kuɗi da riba, ka tura ƙarƙashin gado. Kullum ka dawo daga tasha, ka ƙara wani abu.

Daga ranar, in ka ce ba ka da ko sisi a hannu, ba ka yi ƙarya ba. A hannu ka ce.

Magabata sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To ka taɓa ganin wanda ya zaro hanjinsa ya miƙa wa wani?

Mataki na uku: Riga shi gaisuwa

Kada ka sake hula. Kada a gan ka gaban mai tsire. In ka hango mai bin ka a kasuwar Lahadi, kada ka gudu, gudu aikin sabon shiga ne. Tare shi da gaisuwa. Gaisuwa a ƙasar nan ba ta da ƙarshe sai wanda mutum ya sa mata. Tambayi gida, tambayi gajiya, tambayi damina, tambayi ciwon gwiwarsa, tambayi mutanen Riko da ya je wa biki bara. Kafin ka gama, an kira salla.

In ya samu kafa duk da haka, zai ce da kai abin da Alhaji Bawa yakan ce, yana kallon gefe:

"Kalilu, ya maganar nan tamu?"

"Tana raina, Alhaji. Wallahi ko a salla tana raina."

"To, Allah ya ba da iko."

"Amin, Alhaji. A ci gaba da sa mu a addu'a."

Ka ji aiki. Ka ci dukiyar mutum, ka kuma sa shi yi maka addu'a kyauta.

Mataki na huɗu: Ci moriyar iyaka

Mutanen Kano da Zariya, in sun ci bashi, ƙasa ɗaya gare su. Kai Allah ya ba ka biyu. In an tare ka a Jibiya, kuɗin suna Maraɗi wurin wani da ka ba kaya. In an tare ka a Ɗan Isa, can tsallaken Nijar, kuɗin suna gida.

Shekarar da aka rufe boda, kowa na kuka, Kalilu kaɗai ya yi ƙiba. Wata da watanni amsarsa ɗaya: "Alhaji, ka ga yadda gwamnati ta yi mana. Kuɗinka na can tsallake." Alhaji Bawa ya san har tsofaffi suna bi ta gonaki su je taron suna a tsallaken su dawo kafin la'asar. Ya sunkuyar da kai ya wuce. Na gaya maka ka zaɓi mai kunya.

Abu ɗaya: kauce wa teburin masu canji. Mutane ne masu ɓata wa mai ajiya rai. Ya'u mai canji ya sha ƙwala wa Kalilu kira:

"Kai mai dabino! Naira na zubewa. In kana da bashin sefa, zo ka rufe shi yau!"

"Za ta tashi."

"Kakata ma haka muka yi ta cewa."

Kada ka kula shi. Kai dai ka ji nauyin asusunka, ai ƙaruwa yake yi.

Mataki na biyar: Yi haƙuri, dattijo ne

Azumi ya zagayo, ya sake zagayowa. Wata safiya aka ce Alhaji Bawa ya cika. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne.

Je jana'iza da wuri, ka shiga sahun gaba. Kafin a tayar da salla, wani daga cikin dangi zai ɗaga murya ya ce duk wanda ke bin mamaci, ko wanda mamaci ke bi, ya zo ya faɗa don a sauke masa nauyi. Wannan ne lokacin da za ka gano cewa igiyar takalminka ta tsinke. Duƙa ka gyara ta har a wuce wurin. Sannan ka ɗauki makara, ka yi hawaye. Kalilu ya yi, kuma ba na ce duka na ƙarya ba ne. Alhaji bai rubuta bashin a ko'ina ba, bai sa shaida ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba. Irin wannan karamci dole ya sa mutum kuka.

Washegari Kalilu ya je shagon masu babura ya zauna a kan wani ja, ya murɗa hannu, ya tambayi kuɗinsa. Ya tarar ya tashi, amma ya ce da kansa ba komai, saura kaɗan.

Mataki na shida: Manta da cikin gida

Ka toshe kasuwa, ka toshe masallaci, ka toshe maƙabarta. Madalla. Yanzu tura matarka ta yi ta'aziyya, kada kuma ka gaya mata abin da za ta faɗa da wanda ba za ta faɗa ba. Ai kai namiji ne, ba ka shawara da mata.

A zaman makoki kowa yakan faɗi alherin da mamaci ya yi masa. Wata ta ce ya biya mata kuɗin asibiti. Wata ta ce ya ba ɗanta jari. Zulfa, matar Kalilu, yarinya ce mai zuciya ɗaya, ba ta so a bar gidansu a baya. Ta share hawaye ta ce:

"Allah sarki Alhaji! Mu ai ba abin da za mu ce. Dabinon da ya ba maigidana tun azumin can na baya, har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga masa murya a kai ba."

Ɗaki ya ɗauka da "Allah ya jiƙansa". Ga Inna Hasiya, matar marigayin, 'yar Maraɗi, tana jan carbi a kusurwa. Ta ɗaga kai ta dubi Zulfa.

"Buhu nawa, ɗiyata?"

Zulfa ta faɗa. Har da irin dabinon.

Ranar rabon gado malam ya ce bashin da mamaci ke bi dukiya ce, dole ya shiga lissafi. 'Ya'ya maza suka ce su ga shago ga mota, ba su da lokacin bin Kalilu. Inna Hasiya ta ce ita tana da shi, a sa mata a cikin tumuninta.

Mataki na bakwai: Karɓi baƙuwa

Za ka samu hutu muddin tana takaba. More shi. Ranar da ta fita, da hantsi, za ka ji sallama a zaure. Tsohuwa ce da tabarma a hammata, da buta, da ƙullin kaya.

"Ina kwana, ɗana. Na taho in ga ɗakin ɗiyata."

"Inna, wallahi maganar nan tana raina..."

"Wace magana? Ni ban taho da magana ba. Zumunci na taho."

Kuma ba ta yi maganar ba. Ko sau ɗaya. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta ci tuwon rana, ta yaba miya. Ta ci na dare, ta ce haƙoranta sun fi son nama mai laushi. Da asuba ta yi wa Kalilu addu'a da murya har gida uku na ji: Allah ya buɗa wa ɗana, Allah ya sauke masa duk nauyin da ke wuyansa tun yana da rai. Maƙwabta suka amsa ta kan katanga. Ni ma na amsa, ba zan ɓoye ba, kuma da ƙarfi.

A mako na biyu aka kawo akuyarta. A na uku ƙawayenta suka gane sabon gidan, suka riƙa zuwa hira, kowace sai an dama mata fura.

Yanzu gaya mini, wa zai kori tsohuwa, matar mamaci, baƙuwa, daga gidansa a garin nan, ya kuma fita ya shiga sahu? Alhaji kunya ta hana shi matsawa. Inna ta ɗauki kunyar ta ɗora wa Kalilu.

Mataki na takwas: Tsallaka

Ai kana da ƙasa ta biyu. Ce da iyali aiki ya kira ka, ka hau mota sai Maraɗi.

Kalilu ya sauka a tasha, ya zauna wurin mai shayi yana sauke numfashi. Bai yi oda ba aka dire masa kofi da burodi da ƙwai.

"Ban ce a kawo ba."

"Sha, baƙon yayata ne kai. Ta kira ta ce kana tahe, a kula da kai. Ta ce kada ka damu da gida, tana nan ba inda za ta. Ta ce in tambaye ka ina kake aje gero, wanda ke waje ya ƙare."

Ya kwana ɗaya ya dawo.

Mataki na tara: Kira mai walda

Za ka yi lissafi a hanya, kamar yadda ya yi, ka ga cewa ciyar da Inna da akuya da ƙawaye ya fi bashin ciwo. Jawo asusun. Kalilu da Zulfa su biyu suka ɗaga shi. Mai walda ya yanka, kuɗi suka zubo tuli, har Kalilu ya ji sanyi: a biya tsohuwa, a ƙara kaɗan a kan saura, babur ya samu.

"Inna, ga kuɗin Alhaji."

Ta leƙa, ba ta taɓa ba.

"Wannan mi ne? Alhaji ya ce mani da sefa ya sayo. Ni 'yar Maraɗi ce, ɗana, ban iya ƙirga naira ba."

Suka ɗunguma teburin Ya'u. Ya ƙirga, ya danna na'ura, ya sake ƙirgawa, ya juyo da ita Kalilu ya gani.

"Da shekarar da na kira ka ka zo, rabin wannan ya biya. Yau duka ɗin bai kai ba."

"Sake dannawa."

"Ko na danna har magariba. Kai kana tara naira, bashinka yana can yana kiwo a sefa."

Babu ruwa a bashin, babu tara, ba wanda ya ƙara masa ko dala. Zama kawai ya yi.

Mataki na goma: Nemi aiki

Inna Hasiya ta karɓi abin da ya samu, ta naɗe tabarma, ta kwance akuya, ta sa wa gidan albarka. Sauran ta ce ba gaggawa.

Bayan kwana kaɗan ta haɗa da abin da ke hannunta, ƙanenta mai shayi ya sayo mata babur a Maraɗi. Ta aika a kira Kalilu.

"Na ji kana son kabu-kabu. Ni ban iya tuƙi ba. Hau, kullum da yamma ka kawo mani nawa, ka ɗora wani abu a kan sauran dabino. Mai da faci naka ne."

Yana nan yana yi. Babur ɗin ja ne, irin wanda ya gwada. In ya biyo ta gabana yakan ƙara wuta, don ya san zan tambaye shi lafiyar uwar ɗakinsa.

Sanarwa

Ni dai matakai na jera, ban ce ka taka ba. Wanda ya bi su ya wayi gari da tsohuwa a tsakar gida, kada ya turo mini ita, gerona bai kai ba. Wanda matarsa ta yabi mamaci, su ƙarata can. Kada a zo mini da ƙarar mai canji, ba shi ya kayar da naira ba. Wanda kuma ya yi sa'a nasa mai bashin ya tafi bai bar Inna Hasiya ba, kada ya yi murna ya ce ni na koya masa. Akwai inda za a tambaye shi, wurin ba a gaisuwa, ba a rufe boda, ba a kuma shiga da takalmi balle igiyarsa ta tsinke. Ranar ban san ka ba.