Farcen Nomau da Gonar da Ke Tafiya

Ku 'ya'yan zamani ba ku da ta ido. Kun koyo abu biyu a boko, kun dawo kuna yi wa na gaba da ku dariya. To ku kama bakinku ku ji labarin Nomau, wanda duk garin Rafin Kanya ke kira dolo.

Nomau ba shi da komai sai matarsa Dela, da akuya ɗaya, da 'yar gonar da ubansa ya bar masa. Gonar nan ita ce cinsu. Jerin gamba ne iyaka tsakaninsa da Tsalha, mutum mai shanun huɗa wanda ƙasa ba ta isarsa.

Wata rana masu haƙa rijiyar burtsatse suka zo garin. Nomau ya tsaya yana kallon abin da injin ke fitarwa, jar ƙasa, farar ƙasa, sai tsakuwa. Injiniyansu na cin dafaffen ƙwai, ya ɗaga shi ya ce, "Duniya kamar ƙwan nan take, Baba. Bisa ɓawo muke zaune, kuma ɓawon ba kauri." Nomau ya koma gida da sanɗa. Ya tarar Dela na daka, ya riƙe taɓarya. "Ke, za ki fasa mana duniya." Ta ce, "To tuwon fa?" Ya ɗauki turmin ya ɗora bisa katifa. Ranar katifa ta huje, tuwo bai samu ba.

Wata rana ya koma ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ɓawon. Injiniya ya ce dutse ne mai zafi, can ciki kuwa har ƙarfe narkewa yake. Nomau ya ce ashe asarar itace suke yi. Ya haƙa rami a bayan ɗaki, a hankali, ya binne tukunyar wake da ruwanta. Kwana huɗu yana kara kunne ko zai ji tafasa. Da ya tono, wake ya tsiro. Dela ta ce, "Sannu da aiki, mai gida. Ka dafa mana shuka."

Wata rana, ana gobe masu rijiya za su tafi, injiniya ya ce ɓawon ba guda ba ne, a tsattsage yake, kuma kowane ɓangare tafiya yake yi. Ƙasashen da teku ta raba yau, da can a haɗe suke. Nomau ya ce, "Har gonata?" Ya ce, "Har ita. Amma ba gudu take ba. Yadda farcenka ke tsirowa, haka take matsawa." Tsalha na wurin, ya ji. Nomau ya kai wa maƙeri akuyarsa, ya karɓo turakun ƙarfe huɗu, ya binne su a kusurwoyin gona, ya ce ya ɗaure ta. Daga ranar bai sake yanke farcen ƙaramin yatsansa ba, don ya riƙa sanin iya tafiyarta.

Da damina ta faɗi, Tsalha ya tuge gamba ya dasa taku uku cikin gonar Nomau. Nomau ya tambaye shi, ya ce, "Ba ka ji injiniya ba? Ƙasa ce ke tafiya." Nomau ya yarda. Damina ta zagayo, Tsalha ya ƙara taku huɗu. Hatsin gidan Nomau ya ƙare tun kafin a yi noman fari, Dela ta koma dafa ganyen tafasa.

Wata rana Nomau ya je gaban mai gari. Ba Tsalha ya kai ƙara ba, gonar ya kai. "Ranka ya daɗe, a yi mata faɗa. Cewa aka yi ta bi farce." Ya miƙa yatsa, farce ya yi tsawo har ya lanƙwashe. "Ga tafiyar shekara biyu. Ita kuma ta yi taku bakwai, ta bar turakunta a baya." Fadawa suka tuntsire da dariya. Mai gari bai yi ba. Ya ce, "Waɗanne turaku?"

Aka ɗunguma zuwa gona, aka tona inda Nomau ya nuna. Biyu na nan a kusurwarsu. Biyu kuwa a tsakiyar geron Tsalha aka same su. Mai gari ya dube shi ya ce, "Tsalha, duk garin nan gonar Nomau kaɗai ke tafiya? Kuma gidanka ta nufa?"

Tsalha ya mayar da gamba inda take da hannunsa. Ya biya akuyar da Nomau ya kai wa maƙeri. Ya biya dami goma sha biyu na geron da ya ci. Da kansa ya yi jigilarsu zuwa rumbun Nomau, Nomau na biye da shi yana ce masa ya taka a hankali.