Layar Inna a Gindin Giya

"Lafiya lau na kwana, sai dai ban san an fara gaida mutane daga cikin mota ba. Ko ƙafafun naka ma sun zama otomatik?"

Inna ce ke amsa gaisuwar jikanta Talha, tana dogare da sanda a ƙofar gidansu da ke Dayi. Shi kuwa yana cikin tsohuwar motar da ya sayo a Funtua, ya kama sandar giya da hannu biyu yana kokawa da ita, gumi har gemu.

"Tsohuwa, matsa daga gaban mota, kada ta zabura a ce na gaji da jiran gumbarki."

"Wannan? In ta motsa kira ni in yi guɗa."

"Giyar ce ta ƙage. Jiya da ƙyar ta shiga, yau ko ta ce ba inda za ta. Na buga wa Lawal bakanike, ya ce sai an sauke ta baki ɗaya. Na aika wa Sada dillali ya zo ya kwashi masarata in samu kuɗin gyara."

Inna ta waiga ta dubi tulin masarar. Masarar nan ita ce duk gumin yaron na bana, ya jibge ta yana jiran ta yi daraja da bazara. Wanda ya sayar yanzu cikin kaka, kyauta ya yi. Kuma ta san ciwon motar, don ita ta sa mata shi. Ranar da ya bar ƙofa buɗe ya tafi masallaci ta lallaɓa ta tura 'yar laya ta tsagar da sandar ke kai da komo, ganin nan hannunsa ke wuni. Tun da hanyar Malumfashi ta cinye mata ubansa ba ta ƙara yarda da mota ba. Faɗa masa kuwa ba ta iyawa. Talha na cikin yaran nan da in sun ga laya sai wa'azi, ya cire ya ƙona, ya hau titi haka nan ba tsari.

"To mijin hotiho, wane irin likita ne bai ga majinyaci ba ya ce a yanka? Kai ka duba ta?"

"Ina dubawa kika zo da surutu. Irin wannan in ba a taka birki ba, ba ta sakin giya. Zagaya baya ki gaya mani ko fitila na kawowa, in da sauran ido."

"Idon da ya ga ranar kaciyarka, kana ihu kana kiran sunana?"

Ta zagaya, ya taka.

"Ta kawo. Ja wur, kamar idonka ranar da 'yar gidan liman ta ce ba ta auren manomi."

"Ni na fasa. Na ce ina da gyatuma a gida mai cinye mani goro." Ya fito ya ɗaga bonet, ya zaro ma'aunin man giya, ya shafa a yatsa ya sansana. "Mai a cike, bai ƙone ba. Wayar giyar ma ba ta tsinke ba. Ciwon na ciki ne, Lawal ya yi gaskiya."

Can bakin titi Inna ta hango Sada tafe a kan babur, da damin buhunan zuba masara ɗaure a baya.

"Ni dai in ƙofa ta ƙi rufuwa ban taɓa ganin an yaye rufin ɗaki ba. Bakin ƙofar ake dubawa, ko tsakuwa ta shiga."

"Yaushe kika yi zaman gareji? Ke da ko jaki sai an ɗora ki."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗaga murfin nan na gindin sandar."

Talha ya tsaya da ma'aunin a hannu, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke da kika ce motar nan makara ce, ko ƙafa ba ki taɓa sawa ba, ina kika san tana da murfi?"

"Ta taga na gani."

"Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

"Kai ne kazar. Ɓalle, ga mai buhuna nan ya iso."

Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin, ya tura yatsu biyu, ya zaro ta: 'yar jar fata, ƙarfe ya matse ta har ta baje. Ya taka birki, ya taɓa sandar da ɗan yatsa, ta sulale kamar an shafa mata man shanu. Ya daɗe yana juya layar a tafin hannunsa. Inna ta mai da ido kan bishiyar darbejiya, tana jiran wa'azi ya sauko.

"Ɓera ne," in ji shi.

"Ɓera ne mana. Ga masara jibge, me zai hana."

"Ɓera mai zuwa wurin malam."

"Har wurin baduku. Ɓerayen da ai ba irin na yanzu ba ne, sun san zafin nasu."

Ya miƙa hannu ya buɗe akwatin gaban mota, ya kwantar da ita can ƙurya, ya rufe.

"In kin gan shi ki ce mashi nan ake ajiya. Ba wai na yarda ba ne. Tsoro nake in jefar, gobe in tarar da wata a birki."

Dariya ta ƙwace wa Inna har sai da ta dafa motar, ta goge ido da gefen mayafi. Ta kwance haɓar zani ta fito da farin goro, ta ɓare, ta miƙa masa babban ɓarin.

"Ungo, mijin banza, yau ka ci. Je ka ce wa Sada ya koma da buhunansa."