Ranar da Na Mutu a Shagari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Shagari na mutu a gaban abokan sana'ata ba. Ni dillalin albasa ne a Boɗinga. Daga dakon buhu na fara har Allah ya kai ni ga loda mota, kuma a kasuwa ba a san ni da shirme ba. Sai dai ina da wani tsohon ciwo: ina saurayi na yi wasan kwaikwayo a filin firamare, zamanin da babu lasifika, sai ƙarfin maƙogwaro.

'Yata ta fari (ba zan kama sunanta ba, kun san dalili) ta rubuta littafi. Mijinta Nasiru kuwa yana shirya finafinan nan da ake kallo a waya, sai ya ce zai mayar da littafin fim. Na karanta shi tas. A ciki akwai wani dattijo da ya kwanta ciwon ajali. Shafi bayan shafi yarinyar nan tana zazzage abin da ke cikin zuciyarsa, gonar fadamarsa da ɗansa da ya ƙi dawowa gida, alhali tsohon bai ko motsa ba. Can sai ta ce ya juya fuskarsa bango ya cika. Na ce wannan tsohon ni ne.

Ban tunkari Nasiru da kaina ba, ta wajen mai ɗakina na aika. Washegari ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, duk yadda kunka ce." Da ina da wayon da nake taƙama da shi, da a nan na gane an yi cinikin da babu tayi.

Na shelanta a kasuwa cewa za a gan ni a fim. Ranar ɗauka na cika mota da dillalai muka nufi Shagari, har da Bube, taubashina, wanda tun muna yara aikinsa ke nan neman inda zan yi tuntuɓe.

An shimfiɗa mini tabarma a wani zaure, aka aje ƙwaryar fura a gefe. Kafin a zo kaina na ga yadda Nasiru yake da sauran 'yan wasa. Mutum na kuskure zai daka masa tsawa, "A tsaya, a sake." Da aka zo kaina sai ya tsuguna yana wa tabarma magana.

"Baba, kyamara na kusa ƙwarai. Ko ƙifta ido kunka yi tana gani. Ku dai rufe ido a hankali, shi ke nan."

Na ce to. A raina kuwa na ce yaro yaro ne. Duk wannan tunanin da aka cika shafuka da shi, a rufe ido kawai za a biya shi? A littafi mai karatu yana shiga cikin mutum kamar mai zura hannu ƙasan buhu. A dandali babu wannan, dole ka juye buhun a ƙasa na baya ma ya gani. Ni kuma dandali na sani.

Aka ce a fara. Na yi nishi har wata akuya a waje ta amsa. Na dafe ƙirji, na mirgina na bar tabarma, na yi wasiyyar da babu ita a littafin (har da rabon rumbun albasa, tsohon da bai taɓa noma albasa ba). Na shure iska, na miƙe ƙafafu, na mutu.

Shiru.

A filin firamare tafi ne yake gaya maka ka gama. A nan na san sai Nasiru ya ce a tsaya. Bai ce ba. Na ce lallai mutuwar ba ta ishe shi ba. Na farfaɗo, na ƙara salati, na sake mutuwa. Shiru. Na ƙara. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, yaron da ba ya iya haɗa ido da ni, ta ina zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce wa surukinsa ya tsaya?

Da ƙarfina ya ƙare sai na kwanta lamo, ido a rufe, na ƙudurta ba zan motsa ba sai an sallame ni. Cinnaka ya shiga ƙafar wandona, na daure, don gawa ba ta susa. Ashe Nasiru da hannu ya yi wa yaransa alama, suka kashe kyamara suka sulale sallar azahar, da zaton zan tashi don kaina.

Sai na ji ana kurɓar fura a kusa da kunnena. Na buɗe ido ɗaya. Kyamara tana cikin jakarta. Dillalai sun jeru a jikin bango, kowa ya toshe baki da hula. Bube kuwa ya rungume ƙwaryar.

Na ce a hankali, "An gama?"

Ya lashe ludayi ya ce, "Tun mutuwarka ta biyu anka gama, Alhaji. Sauran duk gyara ne kab ba mu. Koma ka kwanta, ba mu gama karɓar gaisuwa ba."

Nasiru bai yarda mun haɗu ba, a bayan motarsu ya ɓuya har muka tashi. Da fim ya fito na nemi kaina. An nuna ƙofar zaure, wata murya tana karanta tunanin tsohon, sai ga tafin ƙafafuna biyu sun leƙo. Iyakar rabona ke nan. Ya aiko ta wajen mai ɗakina wai a gaya wa Baba ƙafafun sun fito da kyau.

Har yau idan na shiga kasuwa sai in ji an ce, "Marigayi, nawa buhu?" Ina amsawa, don suna ba ya hana ciniki. Amma na ɗauki darasi: komai furfurarka, kada ka shiga aikin da babu mai iya ce maka ya isa.