Rasuwar Lambar Malam Hamidu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Hamidu, mai kula da takardu a kamfaninmu na dabino da kanwa a nan Gure, yana sanar da rasuwar abokiyar zamansa, 192.168.4.17, bayan shekara tara tana aiki.

Marigayiyar ita ce lambar da ake bugawa a kwamfuta kafin shafin cikin gida na kamfani ya buɗe. Ba ta da surutu, sai ɗan ƙas-ƙas na yatsu idan ana buga ta. Babban halinta na kirki shi ne ba ta zama a kan kowa sai na Malam Hamidu. Duk wanda ya manta sai ya tako har biro ɗinsa, wato ofishinsa, kuma ɗan Gure ba ya tambaya bai yi gaisuwa ba. A tambayi gida, a tambayi gajiya da labarin ruwa a Kelle, kafin a kai ga lamba an sha shayi zagaye biyu. Yau da babu sauran abin ɓoyewa, Malam Hamidu ya amsa cewa da gangan yake faɗinta da sauri, don a sake mantawa.

Ciwon ajali bai ɗauki minti goma ba. Madam Huda, mai gyaran rezo, wato layin sadarwar kwamfutoci, ta zo daga Damagaram ranar Talata, ta raɗa wa shafin suna “dabino”. Yanzu ko mai gadi ya rubuta dabino, shafi ya buɗe. Aka yi ta tafa mata. Ta ce wa Malam Hamidu, “Baba, lambarka fa ba ta mutu ba, tana nan ƙarƙashin sunan tana aiki.” Ya yi mata godiya. Amma shi a saninsa, wanda aka daina nema ya riga ya tafi.

Ta rasu ta bar butar shayi, kofuna biyar waɗanda huɗu daga ciki suka yi ƙura, da kujerar baƙi da ba a ja ba yau kwana goma sha tara. Ta bar Malam Hamidu, wanda kewa ta dame shi ƙwarai.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci: zai ɓamɓare 'yar takardar da ya rubuta lambar, wadda ke manne a cikin aljihun teburinsa, ya naɗe, ya sa a ambulan. Zaman makoki kwana uku ne a al'ada, amma bai sa ranar tashi ba. Ga waɗanda suka manta hanya, ƙofa ta ƙarshe ce, hannun hagu.