Ranar da Na Koya wa Mama Hukunci

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da bikin Anti Rabi a unguwar Small Heath ta Birmingham ba.

Laifin kansul ne, wato hukumar garinmu. Sun rufe mana cibiyar matasa ta unguwarmu Levenshulme, wai tsuke bakin aljihu, sai na koma zaman laburare don ɗumi. A can na ci karo da labarin wani masani ɗan Italiya na zamanin da, wanda ya rubuta ɗan littafi ya ce a daina azabtar da masu laifi da rataye su. Wai ba tsananin hukunci ke hana laifi ba, tabbacinsa ne: ya zo daidai da laifin, a yi shi nan take, kada kowa ya sha. (Jarumin nan fa, da manyan masana suka gayyace shi Faris, bai daɗe ba ya gudu gida don kewar matarsa. Shi na ɗauka gwanina.)

Ranar walima, ana addu'a ina latsa waya a ƙarƙashin mayafi. Mama ta gani. Ta yi mini barazanar da ta saba tun ina firamare: za ta tura ni Zariya wajen kakata, in shekara babu waya.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Ina! Sai na gyara murya gaban mata kusan dubu (to, cike da falo dai) na fara lacca. Na ce barazanar Zariya ba ta taɓa hana ni komai ba, don kowa ya san tikitin jirgi ya fi ƙarfinmu. Na ce ƙaramin hukunci mai tabbas ya fi babba na fatar baki. Har da ɗaga yatsa.

Wata tsohuwa ta ajiye cinyar kazarta don ta ji da kyau.

Mama ta miƙo hannu. "Baturen nan yana da hankali. Kawo wayar."

"Mama, ai a littafi ne kawai..."

"Ba nan take ya ce ba? Tukwane na kicin."

Haka na tattare leshin anko ina kankare ƙanzon dafa-duka, matan Birmingham na leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Sannu da aiki, Lauya."

Tun ranar ba a ƙara ambaton Zariya a gidanmu ba. Kowane laifi da hukuncinsa, ɗan ƙarami, da zafinsa, ba ɗaukaka ƙara. Ƙannena har yau suna hararata.

Na dai koyi abu guda: in kina zaune lafiya ƙarƙashin dokar da ba a aiki da ita, ki bar gyara wa 'yan Italiya.