Lambar Wayar Murtala da Ba Ta Rabuwa

"Ni lissafi a jinina yake. Lambar wayata ma, duk duniya babu lambar da za ta raba ta ba saura, sai ɗaya, sai ita kanta."

Ka ji Murtala na Gyaɗi-Gyaɗi ke nan, mutumin da ya naɗa kansa Farfesa bayan ya yi mako biyu yana riƙe wa masu awon filaye igiya a Tarauni. Mu a majalisa Farfesa Sifiri muke ce masa. Yana amsawa kuwa, don ya ɗauka muƙami ne.

Rannan ya ce zai buɗe makarantar koyar da lissafi a zauren gidansu. Ya sa aka buga masa ƙaton ƙyallen talla, ga lambar nan ɓaro-ɓaro, a ƙasa an rubuta: WANDA YA RABA TA, BABUR ƊINA NASA NE.

Ranar buɗewa iyaye suka cika kujerun haya. Farfesa ya sha babbar riga, biro huɗu a aljihu, ya jingine babur inda kowa zai gani.

Anayo, mai sayar da kayan gyaran adaidaita sahu a Unguwa Uku, ya ɗaga hannu.

"Farfesa, ƙarshenta fa huɗu ne. Ai biyu ta raba ta."

"Biyu ba ta cikin gasa," in ji Murtala. "Biyu lambar 'yan firamare ce. Manya muke magana."

Sai Malama Asabe, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a Darmanawa, ta gyara mayafi. Ko biro ba ta nema ba. Ta haɗa lambobin ɗaya bayan ɗaya a yatsunta.

"Arba'in da biyar suka ba ni. Ke nan uku ta raba ta, tara ma haka. In babba kake so, ga sha takwas. Anya ma lambarka ce, ɗana?"

"Tawa ce mana, Malama. Daga kaina na karanta wa mai bugawa. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta."

Iyaye suka fara neman takalmansu. Anayo ya ce bari ya ajiye lambar saboda takardun babur. Ya kira, ya buɗe murya kowa ya ji. Wayar Farfesa na aljihu, shiru kake ji.

Sai muryar mace ta yi sallama. Nan take Murtala ya gane muryar. Jummai ce, tsohuwar matarsa. Ashe gogan bai taɓa haddace tasa ba, tata ce ta zauna masa a ka.

"Hajiya, yi haƙuri," in ji Anayo. "Wannan ce lambar Farfesa Murtala, wadda ba ta rabuwa?"

"Murtala? Wa ya ce maka ba a rabuwa? Ai mun rabu tun bara. Uku cif, ba saura."