Lemon da Mudathir Ya Zaɓo

"Ya ƙarin haƙuri, Dada?" in ji Mudathir yana durƙusawa.

"Haƙuri da godiya."

Tun da aka kai kakanmu Jalo makwancinsa, kakarmu Dada Hamsatu ta shiga takaba ta kuma rufe baki. Ko kunu sai ta kurɓa ta ture. Mun yi lallashi, mun yi kuka, a banza, har tsoro ya kama mu. Yayana Mudathir, da ke karatu a Turkiyya, bai sami jana'iza ba. Ya iso unguwarmu Gwallameji da ledar lemo daga kasuwar Muda Lawal, ido jawur. Na ce a raina yau kam babu wasan kaka da jika. Ashe ban san su ba.

"Amarya, duk ramar nan don tsoho ɗaya? Ga ango ya dawo."

"Allah ya tsare ni da mijin da iska ke ɗauka. Can ba su da abinci ne?"

"Abinci? Titi guda ake rufewa don 'ya'yan itace, inabi, ɓaure, rumman, tsibi-tsibi. Sai dai ba a taɓawa. Ranar farko na ɗauki lemo ina jin nauyinsa a tafin hannu, ina shinshinawa yadda tsoho ya koya min. Mai kaya ya buge min hannu yana ta zuba yare."

"Madalla da shi! Ya ga ɓarawo ya gane."

"Nuni kawai kake yi da yatsa, shi ya zaɓa maka. Baƙo kuwa ruɓaɓɓe ake cusa masa a ƙasan leda. Ko gyara babu."

"Ai baƙo ko da idonsa makaho ne, balle kai da aka haifa da wauta."

"Rannan a tsakiyar kasuwa kewar gida ta kama ni, na kira tsoho. Ya ce in na dawo zai kai ni Muda Lawal in taɓa har in gaji."

Dada ta kau da kai. Ni ma na kau da kai, don idona ya cika.

"Yau na je ni kaɗai," in ji Mudathir a hankali. "Na taɓa, na zaɓa. Ko shi bai taɓa kawo miki mai zaƙin wannan ba."

"Kai, ja can! Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Mutumin da tun ina amarya bai kawo min mai tsami ba, shi za ka haɗa kanka da shi? Kai da aka buge wa hannu a ƙasar mutane?"

"Wanda bai ɗanɗana ba ai ba ya musu."

"Yanka in kunyata ka!"

Ya fere, ya yanka, ya miƙa mata. Ta tsotse tas, ta yamutsa fuska.

"Tsami kamar tsamiya. Allah ya jiƙan mai zaɓe."

"Amin. To bari in zubar da sauran."

Ta dafe ledar da hannu biyu, dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

"Zubar da na ubanka! Yanko wani. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar ba ka iya ba."